Kilo Saba'in na Inna Tumba

Ban taɓa mantawa da ranar da muka bar gareji a buɗe muka je muka yi layi a gaban sikelin shinkafa, tun daga Injiniya har mai gadi, kowa yana jiran a auna shi kamar buhu. Ku da kuka zo aiki daga baya kun sha jin labarin gutsure-gutsure, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Tunda da hannuna aka yi, bari in tsara muku shi yadda ya faru.

A lokacin ina cikin shekara ta ashirin da biyu a garejinmu na Gummi. Ga wanda bai san wurin ba, aikinmu shi ne gyaran taraktoci da injinan ban ruwa na manoman fadama. Tsarin kuwa haka yake: Injiniya ne a sama, shi ke sa hannu a kan katin aiki kafin a taɓa kowane inji. Ƙarƙashinsa akwai foman, wato shugaban makanikai, mai raba aiki. Daga nan sai makanikai masu daraja ta ɗaya, ta biyu da ta uku, gwargwadon jarrabawar sana'a da mutum ya ci. Ni ina daraja ta ɗaya. Foman ɗinmu Alhaji Ɗanjumma ne, wanda ya girme ni a aiki da shekara tara, kuma a hannunsa na koyi rabin abin da na sani.

Laƙabina a gareji Malam Rediyo. Dalili shi ne na yi shekara uku ana aro ni zuwa gidan rediyo duk mako, in yi wa manoma bayanin kula da injin ban ruwa. Mai shirya shirin ya hana ni cewa "ɗan kaɗan" ko "da dama-dama". In na ce a zuba mai, sai ya tsayar da ɗauka ya ce, "Lita nawa?" Da wannan ɗabi'a na dawo gareji, kuma ba kowa ta yi wa daɗi ba.

Ranar wata Talata, ana tsakiyar girbin shinkafar rani, sai ga shanu biyu sun jawo wata ƙaramar mota har ƙofar gareji. Irin motar nan ce mai ƙusumbi, mai inji a baya, wadda muke kira kunkuru. Mai ita yana zaune a ciki yana riƙe da sitiyari, hularsa a daidaice, kamar injin ne ke tafiya da shi. Malam Bawa ne, tsohon hedimasta. Ya koyar da lissafi shekara talatin da biyar a makarantun Anka da Bukkuyum da Gummi, kuma rabin ma'aikatan garejinmu sun sha bulalarsa, har da Injiniya.

Ya fito, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya ce motar ta fara wani bugu daga baya kamar ana daka, tana zubar da mai, shi ya sa ya kashe ta. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Jikarsa ta haihu a Bukkuyum ranar Litinin, sun sami tattaɓa-kunnensu na farko, suna ranar Litinin mai zuwa. Matarsa, Inna Tumba, 'yar Bukkuyum ce, kuma a cikin wannan kunkuru ya ɗauko ta shekara arba'in da shida da suka wuce. Ya ce, "'Ya'yanmu sun aiko da mota mai sanyi, ta ce a mai da ta. Wai motar da ta kawo ta ita ka kai ta. In ba haka ba, a raɗa suna ba da ita ba. Kun san Innarku."

Mun san ta. Ƙa'idarmu ba ta yarda da gyaran motar waje ba sai da izini a rubuce. Injiniya ya ɗauki kati ya rubuta izinin a tsaye, bai ko zauna ba. Ya ce a yi aikin bayan an gama na manoma, kuma ya rubuta sunana a matsayin mai aikin.

Ranar Laraba muka sauke injin. A irin wannan mota noti huɗu ne ke riƙe da shi, mutum biyu da jak sun isa. Da na cire kuloci na kama filawil na girgiza, sai ya amsa mini da ƙwas-ƙwas. A nan bugun yake.

Filawil wani faifan ƙarfe ne mai nauyi, faɗinsa kamar faifan rufe tukunya, gefensa duk haƙora. Yana manne a bakin karanshaf, wato sandar da ke juyawa a tsakiyar inji. Nauyinsa ne ke daidaita juyin inji, a haƙoransa kik ke kamawa ya tayar da mota, a fuskarsa kuma kuloci ke dafewa. A yawancin motoci noti shida ko takwas ke riƙe da shi. A kunkuru noti ɗaya ne tak, ƙato, a tsakiya, sai 'yan turaku huɗu na ƙarfe da ke shiga ramuka huɗu don kada faifan ya zame. Notin nan kuma cikinsa rami ne, ba dunƙulalle ba. In bai ɗauru sosai ba, faifan zai riƙa wasa har ramukan su buɗe. In aka wuce misali kuma, ko ya tsinke, ko ya cinye zaren da notin ke bi a cikin karanshaf, shi ke nan inji ya mutu.

Na duba kan notin sai na ga saran cizal, ƙarfen nan mai kaifin baki da ake dokawa da guduma, a gefe uku. Wani mai gyara a can baya, da ba shi da soket, wato bakin sifana mai rufe kan noti, mai lamba talatin da shida, ya ɗaure shi da cizal da guduma. Ramuka huɗun filawil sun zama kamar ƙwai. Abin da Allah ya taimake mu, bakin karanshaf bai lalace ba, zaren notin ma lafiyarsa lau. Na gyara saran da zarto. Amma filawil kam sai wani.

Ina za a sami filawil ɗin kunkuru cikin kwana huɗu? Muka buga waya Gusau, muka buga Sakkwato, kowa ya ce a ba shi mako biyu ya bincika. Malam Bawa yana zaune a kan benci yana jinmu, sai ya ce, "Sanusi, kai ba Anka ka yi firamare ba? Mi ake bugawa in za a tashi tara?" Nan take abin ya faɗo mini. Ƙararrawar makarantarmu wani faifan ƙarfe ne mai haƙora, rataye a baranda. Ashe shi ya rataye shi da kansa lokacin yana hedimasta a can, daga wata kunkuru da ta mutu.

Ranar Alhamis da hantsi na hau motar haya zuwa Anka da tsohon filawil ɗinmu a buhu. Ƙararrawar tana nan inda na bar ta ina yaro. Kafin in ce komai na ƙirga haƙoranta sau biyu, domin iri biyu ne: akwai mai ɗari da tara, akwai mai ɗari da talatin, kuma ɗaya ba ya shiga madadin ɗaya. Ɗari da talatin cif, irin namu. Ramuka huɗun kuwa garau. Hedimastar makarantar ta ce ba ta ba da ƙararrawarta sai ta ji muryar wadda na kawo. Muka rataye tsohon, ta buga da kanta. Kafin mu ankara yara sun ɓarke daga azuzuwa suna ihun an tashi. Ta ce, "To, ta ci jarrabawa. Ɗauki taka."

Juma'a kafin masallaci na goge tsatsa, musamman wuyan faifan inda robar tare mai ke kwanciya, har ya yi santsi. Sannan na yi awon da mutane da yawa ke tsallakewa. Dole karanshaf ya sami ɗan wurin motsi gaba da baya, kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin takardar littafi ke nan. Da wasu siraran washa guda uku ake daidaita shi, kuma duk wanda ya canja filawil sai ya sake awon. Sau huɗu ina ɗorawa ina saukewa kafin ya zauna. Na sa sabuwar roba, na shafa mata mai, na zura faifan a kan turakunsa, na ɗaura notin da hannu. Saura ɗauri na ƙarshe, muka bar shi sai Asabar da safe.

A nan rigima ta tashi. Littafin motar, wanda Malam Bawa ya adana a cikin leda, ya ce a ɗaure notin da ƙarfin kilo talatin da biyar a kan sanda mai tsawon mita ɗaya. Sifanarmu mai awo iyakarta ashirin. Al'adar garejinmu kuwa a irin wannan hali sananniya ce: a zura dogon bututu a sandar soket, a kira Garba Giwa. Garba makaniki ne mai daraja ta biyu, mutum ne da in ya zauna a bayan babur sai gaban ya ɗaga. Shi ke hawa ƙarshen bututun ya yi tsalle har noti ya yi ƙara. Haka muke ɗaure tayar tarakta tun kafin in zo.

Alhaji Ɗanjumma ya ce, "A kawo bututu, a kira Giwa."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Notin nan cikinsa rami ne. In Garba ya hau bututu mai mita ɗaya da rabi, ya ninka abin da littafi ya ce fiye da sau huɗu. Kuma ba mu da wani."

Ya ce, "Malam Rediyo an fara labarai. Shekara talatin muna ɗauri haka, wace taya ta taɓa fita? Rashin ɗauri ya kawo motar ga nan, ba yawan ɗauri ba. Tsofaffi biyu za su bi hanyar Bukkuyum, ka san yadda hanya take yanzu. In abin ga ya kwance musu cikin daji, littafi za shi tura su?"

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma ta taɓa ni. A shekarun nan ba wanda ke son mota ta tsaya masa tsakanin gari da gari. Muka tafi gaban Injiniya. Ya saurari kowa, ya ce, "Sunan wa ke kan kati?" Na ce nawa. Ya ce, "To, nuna muna yadda za ka sami talatin da biyar ba tare da sifana mai awo ba. In ka gamsar da Alhaji, a yi naka. In ba haka ba, a yi nashi."

Na ɗauki alli na rubuta a ƙasa. Kilo talatin da biyar a nisan mita ɗaya daidai yake da kilo saba'in a nisan rabin mita. A auna rabin mita daga tsakiyar noti, a yi zane a kan sanda, a sami mutum mai kilo saba'in ya taka zanen ya tsaya cik, ba tsalle. Inda sandar ta daina sauka, nan ne ɗaurin.

Alhaji ya dubi Malam Bawa. Malam ya gyara tabarau ya karanta abin da na rubuta, ya ce, "Goma bisa goma. Amma rubutunka har yau kamar tafiyar kaza." Alhaji ya ce, "To, ni ne mai saba'in ɗin, ko saba'in da biyar in na ci tuwo." Garba ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa bango. Nan take gardama ta kaure a kan nauyin kowa, kafin in ƙara kalma ɗaya an ɗunguma zuwa rumfar mai sayen shinkafa da ke tsallaken titi.

Mai rumfar ya sauke buhun da ke kan sikeli, ya ce bismilla. Garba ya fara hawa: ɗari da goma sha biyu. Mai rumfar ya ce buhu biyu da mudu bakwai, amma duk ƙaiƙayi. Injiniya tamanin da huɗu. Ni sittin da uku. Mai gadi hamsin da ɗaya, aka ce ya riƙa sa dutse a aljihu saboda iskar damina. Alhaji Ɗanjumma ya cire takalmi, ya cire hula, ya miƙa wa Garba makullansa, ya hau. Casa'in da ɗaya. Ya sauka ya ce sikelin ɓarawo ne. Mai rumfar ya ce, "Alhaji, in da ɓarawo ne ai rage maka zai yi." Manoman da suka kawo shinkafa har da masu riƙe ciki. Muka auna mutum goma sha ɗaya, ba mai saba'in. Malam Bawa kansa hamsin da takwas.

Muna cikin haka sai ga Inna Tumba da ƙwaryar fura, ta kawo wa masu gyaran motarta. Ta tarar da gareji wayam, ta hango mu a tsallake. Ta ƙaraso ta ce, "Mi nika gani haka? Na aiko a gyara min mota, kun zo sai da kanku? Wa za shi saye ku?"

Garba, da yake sa'an jikokinta ne, akwai wasa tsakaninsu. Ya ce, "Amarya, miji muke nema miki mai nauyi, wanga tsoho ya ƙare."

Ta ce, "Kai dai rufe baki, rumbu. Wanda ya aure ka ya auri yunwa." Aka yi mata bayanin abin da ake nema. Ta miƙa wa mai gadi ƙwaryar, ta gyara mayafi, ta hau sikelin ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Allurar ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya a kan saba'in. Mai rumfar ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin. Ba ta motsa ba.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, don kada wani ya ɗauki darasin a karkace. Ba dole ne sai mai kilo saba'in ba. Na zaɓi lambar ne don sauƙin bayani. Kowannenmu zai iya, in aka raba talatin da biyar da nauyinsa aka matsar da zanen. Ni da kaina da na taka santimita hamsin da biyar da rabi, an gama. Malam Bawa ya fi ni sanin haka. Ya dube ni ta saman tabarau, na dube shi. Ya dubi matarsa a kan sikeli tana murmushi kamar an naɗa ta sarauta. Muka bar lissafin a cikinmu.

Muka koma gareji da rakiyar rabin kasuwa. Injin yana ƙasa a kan katako. Na ɗaure wani dogon ƙarfe a fuskar filawil da noti biyu, ƙarshensa ya tokari ƙasa, don kada faifan ya juya. Na sa soket, na miƙar da sandar ta kwanta sambal zuwa dama, na auna rabin mita da tef, na zana da farin fenti. Saura abu ɗaya: in an taka sandar, injin zai iya tuntsurewa, sai an danne shi. Alhaji Ɗanjumma da kansa ya ce, "Giwa, ga aikinka ya samu." Garba ya haye kan injin ya zauna, injin ya yi lamo.

Aka ajiye bulo a gefen sandar. Na ce, "Inna, ƙafa ɗaya a kan farin zanen. Ki saki nauyinki duka. Kada ki yi tsalle, kada ki jingina da kowa. Malam zai ba ki yatsa ɗaya don kada ki karkace, yatsa ɗaya kawai."

Ta ce, "Shekara arba'in da shida ai da yatsa guda yake riƙe da ni."

Ta yi bismilla ta taka. Sandar ta sauka a hankali har kusa da ƙasa. Ta sauko, na cire soket na mayar da sandar ta kwanta daidai, domin in ta karkata lissafin ya ɓaci. Ta sake hawa, sandar ta sauka kamar taƙi ɗaya. Na sake gyarawa. A karo na uku ta hau ta tsaya. Na durƙusa na sa ido a kan soket ina ƙirga har goma. Bai motsa ba. Tana tsaye a kan sandar, mayafinta a kafaɗa, yatsanta a kan na mijinta, ta ce, "To, Malam Rediyo, a karanta labarai mana."

Na ce, "Ya ɗauru, Inna." Matan da suka biyo mu daga kasuwa suka rangaɗa guɗa.

Alhaji ya matso. Ya durƙusa ya kama faifan ya girgiza da duk ƙarfinsa, ya sake awon motsin karanshaf da hannunsa, sannan ya ɗauki katin ya sa hannu a ƙarƙashin nawa, abin da ƙa'ida ba ta ma nema ba. Kafin la'asar mun mayar da injin. Bugu ɗaya ta tashi, da muryar nan tata kamar keken ɗinki. Muka bar ta tana aiki rabin awa a kan farin kwali, ko ɗigon mai babu.

Lahadi da safe suka kama hanya, don su kwana can a raɗa suna da su. Ni na bi su a babur da akwatin kayan aiki. Da na waiwaya a bayan gari sai na ga wani babur ɗin yana biye da ni: Alhaji Ɗanjumma ne, da dogon bututunsa ɗaure a baya, ko da za a buƙata. Ba a buƙata ba. Kunkuru ta shiga Bukkuyum kafin azahar, Malam yana danna ham tun daga bakin gari. Inna ta fito a ƙofar gidan da aka haife ta, aka miƙo mata jaririyar, ta ce wa 'yan'uwanta, "Ku dubi motar ga da kyau. Ni na ɗaure ta."

Abin da na koya a ranar shi ne, a sana'armu ƙarfi ba ya ƙaranci, abin da ke ƙaranci shi ne sanin inda za a tsaya. Wanda ya ɗaure da cizal ya tsaya da wuri, mu kuma da mun wuce wurin. Na kuma koyi cewa mai gardama da kai ba lallai ne maƙiyin aikin ba. Tsoron da ya sa Alhaji ya nemi bututu, shi ne ya sa ya bi tsofaffin nan har Bukkuyum a cikin rana.

Ranar Talata Alhaji ya sa aka rubuta nauyin kowa a bangon gareji da fenti, nasa casa'in da ɗaya, bai rage ko ɗaya ba. Tun daga nan ba a sake kiran Garba ya yi tsalle a kan bututu ba. Sandar nan mai farin zane kuwa tana nan rataye a ƙusa ta uku. Kullum ina jinku kuna cewa, "Miƙo min Inna." Yanzu kun san wadda kuke kira, sai ku riƙa ɗaukarta da hannu biyu.